Neman inda jinin Auta yake zurarewa

'Yata ta ƙarshe, wadda duk gidan muke kira Auta, tana da wata lalura ta jijiyoyin jini wadda yawancin likitoci sukan gama aikinsu har su yi ritaya ba su taɓa ganin mai ita ba. Ciwon Bean ake ce mata a asibiti. Wasu daga cikin jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya ne ba su ginu daidai ba tun tana ciki, sai suka zama 'yan ƙululai masu shuɗi a fatarta. Irinsu kuma suna nan a bangon hanjinta, suna tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan ba dare ba rana. Na fata kowa yana ganinsu, amma na hanjin da ba a gani su ne suka kusa raba mu da ita. Yanzu shekararta tara, tana zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, a nan Tudun Wadar Kaduna. Ina ba da labarin hanyar da muka bi ne saboda iyayen da ake ta ƙara wa ɗansu jini ana sallamarsu, bayan 'yan watanni su sake komawa, alhali gwaji ya nuna ba sikila ba ne, kuma ba wanda ya ce musu ga inda jinin yake tafiya.

Da ƙululu ɗaya aka haife ta, a bayan kafaɗar hagu, bai wuce girman goro ba. Matan da suka zo barka suka ce tawadar Allah ce. Sai da ta fara tafiya wasu ƙanana suka riƙa fitowa, a tafin ƙafa, a tafin hannu, ɗaya a gefen harshe. A fata irin tamu shuɗin ba ya fitowa sosai, baƙi-baƙi za ka gani, sai a tafin hannu da na ƙafa ne launin yake bayyana sarai. Idan ka danna shi da yatsa sai ya lotse, jinin da ke ciki ya gudu, fatar wurin ta yamutse ta zama fanko. Ka ɗaga yatsa, a hankali ya sake cika ya miƙe. Taushinsa irin na kan bulumbotin jarirai ne. Ba ya ɗumi, ba ya bugawa irin bugun zuciya. In ta yi kuka mai yawa, na kafaɗar yakan ƙara tasowa ya yi duhu.

Surukata, Hajiya, ta aika aka kira tsohon wanzamin gidansu, wanda ya yi wa duk jikokinta askin suna, ya zo ya duba ko abin tsagawa ne. Ya zauna a kan tabarma, ya ɗora yarinyar a cinyarsa, ya danna na kafaɗar da babban yatsa ya saki, ya tsaya yana kallon yadda yake cika. Ya sake yi. Sannan ya ce, "Hajiya, wannan ba ƙurji ba ne, ba kuma mataccen jini ba ne da za a ja da ƙaho. Jini ne mai rai a ciki. In na sa aska a nan ban san yadda zan tsayar da shi ba. Ku kai ta asibiti." Ya naɗe zabirarsa ya tafi, ko kuɗin mota bai karɓa ba. Har gobe ina yi wa dattijon nan addu'a, domin ya san iyakar sana'arsa.

A wani ƙaramin asibiti da muka fara zuwa, aka ce mana irin kumburin nan ne da jarirai ke fitowa da shi, kafin ta shekara biyar zai baje da kansa. Akwai irin wannan kuwa da gaske, ana ce masa hemanjiyoma. Shi yakan fito ne 'yan makonni bayan haihuwa, ya girma da sauri a shekarar farko, sannan ya riƙa janyewa, in ya matsa kuma akwai maganin da ake ba shi. Na Auta daban ne. Jijiyar da ta ginu a karkace ba ta bajewa, tare da yaro take girma, maganin hemanjiyoma kuma ba ya yi mata komai. Mu dai muka koma gida muna jiran shekara biyar.

Kafin shekara biyar ɗin ta cika wani abu ya ɗauke mana hankali daga fata gaba ɗaya. Yarinya mai ƙiriniya ta koma mai kwanciya. In yayyenta suna guje-guje a tsakar gida, ita sai ta tsugunna tana haki. Tafin hannunta ya yi fari fat, cikin idonta ma haka. Na riƙa kama ta tana ɓantarar ƙasar bangon maƙwabta tana ci, ko ta buɗe firji ta cika baki da ƙanƙara tana gurgura. A lokacin duka muke ganin rashin ji ne, sai daga baya likita ya ce mana alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo muka ɗauke ta sai emajansi. Aka auna jininta, PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jini, 15 ne, alhali yaro mai lafiya a wannan shekarun ya kamata ya haura 33.

A Kaduna, idan yaro ya zo ba jini, abu uku ake fara tunani: sikila, zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki. Wannan tunani daidai ne, domin su ne suke kwantar da mafi yawan yara. Gwajin sikila ya nuna ita AA ce. Aka ba ta maganin zazzaɓi, aka ba ta na tsutsa, aka ƙara mata jini, aka sallame mu da maganin ƙarin jini na ruwa, aka ce a gyara mata abinci. Gida ya koma na zogale da alayyafo da hanta da ƙwai. Hajiya kullum da yamma sai ta haɗa mata maltina da madara, ta tsare ta sai ta shanye. Ta ɗan murmure, leɓenta ya yi ja, muka yi hamdala. Ba a daɗe ba ta sake yin fari. Haka muka riƙa yi, asibiti, gida, asibiti, kowane zuwa likita daban, kowane likita daga sikila yake farawa, duk da takardar AA tana hannuna.

Neman jini shi kansa wani ciwo ne. Asibiti yakan ba ka leda in yana da ita, amma sai ka kawo wanda zai mayar. Namiji ba ya sake bayarwa sai bayan wata uku, mace wata huɗu, kuma sai an tace jinin an tabbatar ba ƙanjamau, ba ciwon hanta. Abbansu ya bayar, ƙannensa suka bayar, ƙanena ya bayar, dangi suka ƙare. Wata rana liman ya yi sanarwa bayan sallar la'asar a masallacin layinmu, samari da ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba suka cika keke napep suka zo. Akwai masu tsayawa a bakin asibitoci suna sayar da jininsu, Abbansu ya ce in dai da sauran wanda zai ba mu don Allah ba za mu je wurinsu ba, domin mutumin da yunwa ta sa yake bayarwa kowane mako, shi ma nasa jinin bai ishe shi ba.

A cikin wannan hali maganar maita ta taso. Yaro yana ci yana sha, ana zuba masa jini yana ɓacewa, ba rauni ba zazzaɓi, to me ake jira mutane su ce? Aka fara raɗe-raɗin wata tsohuwa 'yar haya a layinmu, baƙuwa mara kowa, wadda laifinta kawai takan ba Auta alewa. Mata suka daina gaishe ta, yara suka riƙa gudu in ta fito. Abbansu ya tsaya tsayin daka ya ce duk wanda ya sake ambaton matar nan a gidansa kada ya ƙara shigowa. Mun yi addu'a, mun sha rubutu, mun yi sadaka, ba mu daina ba har yau. Amma ɗora wa baiwar Allah jinin 'yata zalunci ne, kuma abin yana ci mini rai, domin ta tashi daga unguwar kafin gaskiya ta fito. Duk inda aka kasa gano ciwo a asibiti, akwai wata tsohuwa a wani layi da za ta biya kuɗinsa da mutuncinta.

Wata likitar yara ce, matashiya, ta juya lamarin. Muna kwance ana ƙarin jini, ta zo zagaye, ta karɓi ledar takardun da nake yawo da ita, ta zauna a bakin gado ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya bisa kwanan wata. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, "Maman Auta, jikinta yana yin jini, ba wai ya kasa ba ne. Ƙwayoyin jinin ƙanana ne, ƙarfen jikinta ya ƙare, kuma kuna ba ta magani kuna ba ta abinci. To wani wuri yake fita. Yaya bayan gidanta?" Na ce baƙi ne, amma an gaya mana maganin ƙarin jini ne yake sa haka. Ta ce gaskiya ne yana sawa, sai dai akwai bambanci. Na magani baƙi ne mai ɗan kore-kore, busasshe. Na jinin da ya narke a hanji kuwa baƙi ƙirin ne, mai danƙo da sheƙi, da wani irin wari mai ƙarni da ba ya ɓuya. Wani lokaci ma jinin kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa sai gwaji. Tana faɗa na san wanda nake wankewa a fo.

Sannan ta ce in cire wa yarinyar kaya duka. Tun da muka fara jinya ba wanda ya taɓa cewa haka, ido da tafin hannu ake dubawa a rubuta jini. Ta bi jikin da fitilar wayarta, baya, hammata, tsakanin yatsun ƙafa, cikin baki. Ta danna na tafin ƙafa ta saki. Ta fita ta kira babbanta, shi ma ya danna. Suka yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa, sannan ya juyo ya ce, "Maman Auta, muna zargin irin abin da ke fatarta yana cikin hanjinta. Sai an leƙa da kyamara za a tabbatar. Za mu rubuta muku takarda zuwa Shika."

Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a wajen Zariya, duniya ne guda. Mukan bar gida bayan asuba, mu hau mota a Kawo, domin a samu layin kati da wuri. Gwaje-gwajen farko ba su da wuya: jini don a ga girman ƙwayoyi da ajiyar ƙarfe, bayan gida don neman ɓoyayyen jini, da wani gwaji na daskarewar jini, saboda jinin da ke kwanciya a cikin irin waɗannan jijiyoyi yakan riƙa daskarewa yana cinye sinadaran da jiki ke tsayar da zubar jini da su. Aka yi sikanin na kafaɗar, ya nuna jini ne mai tafiya a hankali. Bayan gida ya nuna jini. Aka ba mu ranar kyamara.

Shirin kyamarar ya fi ita kanta wahala. Aka ce a dakatar da maganin ƙarin jini kusan mako guda kafin ranar, don yana baƙanta bangon hanji ya hana gani. Aka ƙara mata jini tukuna, domin ba a sa wa yaro maganin barci jininsa yana ƙasa. Ana gobe za a yi, ba tuwo ba shinkafa, sai ruwa da romo tacacce da shayi ba madara. Da yamma nas ta kawo maganin wankin ciki, jarka guda, ta ce a riƙa ba ta kofi-kofi har ya ƙare. Ɗanɗanonsa gishiri-gishiri ne. Kofin farko ta sha, na biyu ta yi amai. Wata mata da ke jinyar ɗanta a gadon kusa ta ce in sanyaya shi, in ba ta da tsinken shan lemo, ta riƙa tsotsa daga can cikin baki. Haka muka yi, ina ba ta tatsuniya tana tsotsa, tana kuka tana cewa, "Umma, ya isa." Muka kwana muna zarya tsakanin gado da bayi, har abin da ke fita ya zama ruwa garau. Da asuba ta ce in ba ta ko ɗan biredi ne, ni kuma ba dama.

Aka yi mata allurar barci, aka zura siririyar tiyo mai kyamara ta baki, aka duba maƙogwaro da tumbi da farkon ƙaramin hanji, sannan aka zura wata ta ƙasa aka duba babban hanji. Da suka gama likitan ya kira ni da Abbansu ya nuna mana hotuna a kwamfuta. Bangon hanji ja-ja ne mai santsi, sai ga su nan a zaune a kai, ƙululai masu shuɗi da ruwan hoda, sak na tafin ƙafarta. Wasu a tumbi, wasu a babban hanji, ɗaya da ɗan jini a bakinsa. Abbansu ya riƙe kujera ya ce innalillahi. Ni kuwa, Allah ya sani, wani sanyi na ji a raina. Shekaru ina tambayar ina jinin yake zuwa, yau ga shi ina kallo da idona. Likitan ya ce ba su yanki ko ɗan tsoka don gwaji ba, saboda irin wannan ba a tsokanarsa.

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa, ba gaggawa. Ya ce wani likita a Ingila ya fara ba da labarin ciwon tun 1860, sannan a 1958 wani likitan Amurka, William Bean, ya bayyana shi filla-filla, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Waɗanda aka rubuta labarinsu a littattafan likitanci a duniya duka 'yan ɗaruruwa ne. Tambayar farko da Abbansu ya yi ita ce ko daga wurinmu ta gada, domin ni da shi 'yan uwa ne, auren zumunci aka yi mana, kuma an fara yi mana wannan gorin. Likitan ya ce a'a. A 2017 masu bincike a Beljiyam suka gano cewa canji ne yake faruwa a wata ƙwayar halitta mai suna TEK, wadda ke tsara yadda bangon jijiya zai ginu. Canjin yana aukuwa ne bayan an riga an ɗauki ciki, a cikin wasu ƙwayoyin jikin jaririn kawai, ba daga uwa ko uba yake zuwa ba. Shi ya sa yayyenta lafiyarsu ƙalau. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa, ba kuma wani abu ne da na ci ko na sha ina da ciki ba. Na roƙe shi ya maimaita wannan a gaban Hajiya a zuwa na gaba, ya kuma yi.

Sai dai ya ce abin da muka gani ba shi ke nan ba. Ƙaramin hanji dogo ne, na babban mutum yakan kai mita shida, kyamarar sama da ta ƙasa bakinsa biyu kawai suke taɓawa, kuma a tsakiyar nan ne ƙululan suka fi yawa a wannan ciwo. Akwai wata kyamara da aka yi ta a siffar ƙwayar magani, a haɗiye ta ta bi hanji tana ɗaukar hoto har ta fita, amma wuraren da ke da ita kaɗan ne a ƙasar nan, kuɗinta kuma ya fi ƙarfinmu a lokacin.

Hanyoyin magani ya jera mana su da amfaninsu da haɗarinsu. Wanda nasa bai yi tsanani ba, maganin ƙarfe kaɗai yakan riƙe shi. Waɗanda kyamara ke iya kaiwa, ana iya ɗaure su da roba ko a ƙona su ko a yi musu allurar da za ta ƙafar da su. Akwai tiyata, a buɗe ciki a bi hanjin taƙi-taƙi da haske ana cire su ɗaya-ɗaya, kuma likitocin Boston sun ba da rahoton nasara da wannan hanya a 2005. Amma babban aiki ne, in suna da yawa ana iya rasa wani ɓangare na hanji, kuma wanda aka tsallake zai ci gaba da zuba. Sai ta ƙarshe, wani magani mai suna sirolimus. Asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya ce da aka samo a ƙasar tsibirin Ista, can cikin tekun Pasifik, kuma tun 1999 ake ba wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jikinsu ya ƙi ta. A 2012 likitoci a Turkiyya suka ba wa wata yarinya 'yar shekara takwas mai ciwon Bean, zubar jininta ta tsaya. Daga nan aka riƙa gwada shi a wurare da dama. Yana rage aikin saƙon da ke sa jijiyoyin nan buɗewa da girma. Ba ya warkarwa, danne ciwon yake yi, in an daina ana iya komawa gidan jiya.

Mun yi istihara, mun yi shawara da yayana wanda ma'aikacin jinya ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganin yana rage garkuwar jiki, mu kuma muna zaune a unguwar da sauro da ƙyanda da tari ba sa yankewa. Amma ƙarin jini a kai a kai shi ma ba lafiya ba ne, kowace leda da nata haɗarin, kuma ranar da ba a samu ba fa? Muka amince da sirolimus, a ajiye tiyata sai in ya ƙi.

Kafin ƙwaya ta farko sai da aka yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka, aka duba hanta da ƙoda da kitsen jini, aka duba katin rigakafinta aka ga ta kammala. Aka yi mata ƙarin sinadarin ƙarfe ta jijiya, saboda na sha ba ya cike gurbin abin da ke fita. Samun maganin kansa aiki ne. Ba a kemis ɗin unguwa ake samunsa ba, sai manyan shagunan magani da ke hulɗa da masu dashen ƙoda, wani lokaci daga Abuja ake saƙo mana shi. Kuɗin wata ɗaya ya fi rabin albashina na koyarwa. Na sayar da 'yan kunnena na aure, 'yan uwa suka kafa asusu, kowa da abin da yake sakawa a ƙarshen wata. Ba na bari ya rage saura na mako guda ban nemi wani ba.

Sha ɗaya ne a rana, a lokaci guda, mu mun tsayar da bayan sallar asuba. Lokaci-lokaci ana ɗibar jini a auna yawan maganin a jikinta, kuma dole a ɗiba da safe kafin ta sha na ranar, in ba haka ba sakamakon ba shi da amfani. Wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ne yake aika jinin Legas, mu jira. A watannin farko bakinta ya yi gyambo, ƙananan miki masu zafi a leɓe da harshe, ko kunu ba ta iya sha sai ya huce sarai. Likita ya rage adadin, ya ba da abin kurkure baki, suka lafa. Ya haɗa mata da Septrin don kariya daga wani irin ciwon huhu. Gidan sauro kuwa ya zama farilla, zazzaɓi ko na yini ɗaya ne asibiti muke nufa.

Akwai abubuwan da ya sa na haddace. Ba ta shan maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak da asfirin, har da garin Alabukun, domin suna ƙara zubar jinin hanji. Farasitamol kaɗai. Duk wanda zai rubuta mata magani sai an gaya masa tana shan sirolimus, saboda wasu magungunan, irin su eritromaisin da fulukonazol, suna sa ya taru a jiki, maganin tarin fuka kuma yana rage ƙarfinsa. Rigakafin ƙyanda da na shawara, masu ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a yi mata sai an tambaye shi. Yayyenta kuwa ana yi musu waɗannan biyun, kuma rigakafinsu kariya ce gare ta. Maganin ƙarfe na sha kuma da lemon zaƙi ake haɗa shi, a nisanta shi da shayi da madara, don suna hana jiki ɗaukarsa. Hajiya da ta ji haka ta mayar da madararta zuwa dare. Abu na ƙarshe da ya ja mini kunne a kai shi ne ciwon ciki mai tsanani mai zuwa yana lafawa, ko amai kore, ko kumburin ciki. Ƙululun hanji yana iya jan wani sashe ya shige cikin wani, ya toshe. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba na jiran gari ya waye ba ne, na tiyata ne.

Cikin 'yan watanni bayan gidanta ya sauya launi. Jininta ya hau 28, ya hau 33, ya tsaya a nan yana ɗan motsi sama da ƙasa. Fiye da shekara ke nan ba a ƙara mata jini ba. Ta daina cin ƙasa, ta yi ƙiba, ta dawo da faɗanta da yayyenta. Na fata ba su ɓace ba. Na kafaɗar ya ɗan saki, ƙananan suna nan, na tafin ƙafa yana yi mata zafi in ta yi tafiya mai nisa, don haka takalmi mai taushin ciki muke saya mata, ba ta yawo ba takalmi. Wasu safiya takan tashi ɗaya ya yi tauri yana ciwo, jini ne ya daskare a ciki, bayan 'yan kwanaki ya sake.

Makaranta sai da na je da kaina. Na kai wa shugaban makarantar bokonsu takardar likita, na kuma je wurin malamin Islamiyyarsu da ita a hannu. Na buɗe masa tafin hannunta na ce, "Malam, don Allah ko ta yi laifi kada a yi mata bulala a hannu ko a baya. A sa ta shara, ko a aiko mini." Ya kalli hannun ya ce, "Subhanallahi, ai da ban sani ba. In sha Allahu ba mai taɓa ta." Ya tara 'yan ajin ya gaya musu ba a ɗauka, domin akwai waɗanda iyayensu suka hana su cin abinci kwano ɗaya da ita.

Ina da littafi mai bango mai kauri da nake rubuta komai a ciki: kwanan wata, PCV, nauyinta, adadin magani, launin bayan gida in ya canza. Duk bayan 'yan watanni ina ɗaukar hoton ƙululan da waya, da rula a gefe, don a ga ko suna girma. A shafin farko na manna takardar da ke ɗauke da sunan ciwon da magungunan da aka hana ta, saboda in dare ya kama mu a wani asibiti, likitan da ke bakin aiki ya karanta kafin ya fara daga sikila.

A ganinmu na ƙarshe likita ya ce in jinin ya ci gaba da tsayawa zai gwada rage maganin kaɗan-kaɗan, a ga mafi ƙarancin da zai riƙe ta, don ba a son yaro ya daɗe a kan adadi mai yawa. Ya ce kuma mu shirya wa lokacin da za ta fara al'ada, domin buƙatarta ta ƙarfe za ta ƙaru, ƙululan ma sukan motsa a shekarun balaga. Kafin a taɓa adadin maganin yana son a ga tsakiyar ƙaramin hanjin da kyamarar haɗiya, a san yawan abin da ke can. Na shiga adashi da malaman makarantarmu saboda wannan, kwasata tana zuwa bayan babbar salla, kuma ya riga ya rubuta mana takardar da za mu tafi da ita.